Kafin a Kwance Jirgin Babanka

Auta,

Da sunan Allah nike fara wagga takarda. Ina gaishe ka, ina gaishe da mutanen gidan da sunka sauke ka a Sakkwato, ka ce musu tsohuwa ta gode. Allah shi sa ka shiga garin da ƙafar dama, shi tsare ka da sharrin hanya da sharrin gari, da sharrin abokin da zai yi dariya da kai idonshi na kan aljihunka. Ni lafiya lau nike, sai gwiwa, ita kuwa ba sabon abu ba ce.

Ba zan cika ka da labarin tunga ba, yadda ka bar ta haka take. Direban motar kifi ya kawo mani saƙonka ran kasuwar Wara, kuma na ji. Ka ce in yarda Kawunka Ladan shi saida jirgin babanka, ka ɗauki kuɗɗin ka tafi Kano ka sayo sabuwar kyamara, don wadda ke hannunka ta tsufa, hoto na fita dishi-dishi kamar ta bayan labule anka ɗauke shi. Ka ce gangar jikin kaɗai za ka saya. Gilashin da ke gaban tsohuwar za ka kwance ka ɗaura wa sabuwar, tunda bakinsu ɗaya, kuma kuɗɗin jirgi ba su isa a sayi duka biyun ba, ko dai jiki ko dai gilashi.

To. Jirgi sau ɗaya ake saida shi, kuma bayan shi ba mu da wani abu da babanka ya bari sai wanga ɗaki da ke yoyo. In ka kuskure, babu na biyu da za a kwance. Shi ya sa ban ba direba amsa da baki ba, na ce sai na rubuta. Ka san rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, ka yi haƙuri ka karanta a hankali, kuma kada ka aje takardar sai ka kai ƙarshe, ko da ranka ya ɓaci a tsakiya. Zai ɓaci.

Jirgin nan da kake so a saida, ni na sa anka saye shi, ba babanka ba. Kai ba ka da wayo lokacin, a baya nike goye da kai. Da anka tare ruwa ya cinye tsohon garinmu, anka kwaso mu anka zuba a waɗannan ɗakunan siminti, shekarun farko kifi ya yi yawa kamar hauka. Falia, kifin nan mai faɗi, har ƙyale ta ake yi. Babanka ya ɗan tara abin da ya tara, ya zaunar da ni ya ce, ruwan nan ba kogin da munka sani ba ne, ya yi faɗi, ya yi zurfi, ga itatuwa tsaye a ƙarƙashi. Kallin da munka taso da shi, ragar nan ta kamun kifi, na kogi ne, ya sha ɗinki har ya gaji. Ya ce zai sayi sabon kalli iri uku, mai ido yatsa uku, da mai huɗu, da babba na giwan ruwa, shi ci gaba da shiga da ƙaramin kwale-kwalenshi.

Ni kuwa abin da ke cina daban. Mijin Kulu maƙwabciyarmu ya sa an sassaƙa mashi babban jirgin katako, an shafa mashi fenti shuɗi. Duk safiya in mun je bakin ruwa karɓar kifi, sai Kulu ta ce, "Ke, waccan ƙwaryar ta mijinki ce? Ki gaya mashi kada shi yi atishawa a ciki." Mata su yi ta dariya. Na koma gida na hana babanka sakat. Ban yi mashi faɗa ba, ka san ba haka nike ba. Shiru na yi mashi, na riƙa aje tuwo ina juya baya. Kwana goma sha ya daure, ran nan ya ce, "To, za a yi miki jirgi, sai ki ci katako."

Anka yi jirgi, ya fi na mijin Kulu tsawo da taki biyu. Ranar da anka tura shi ruwa na ɗaura sabon zane. Sai me? Babban jirgi, tsohon kalli. Babanka shi shimfiɗa da yamma, shi je ɗagawa da safe shi tarar da ƙofofi a jiki waɗanda ɗan akuya zai wuce. Giwan ruwa ta shiga ta fita kamar gidan ubanta. Jirgin da zai ɗauki kifin mutum biyar shi dawo da abin da bai rufe gindin daro ba. Waɗanda sunka sayi kalli da ƙananan jiragensu masu yoyo, su sunka yi rufin kwano a shekarun nan, ɗaya ma ya je Makka. Kafin mu farfaɗo mu sayi kalli na kirki, falia ta ja baya, ba ta sake dawowa kamar da ba. Babanka bai taɓa ce mani ke kin jawo ba. Da ya faɗa ma da ya fi mani sauƙi.

Abin da nike so ka ɗauka a nan ba mai wuya ba ne. Jirgi kai mutum wurin kifi shike yi, ba shi ke kamawa ba. In ba shi yoyo, ya isa. Kuma na san wanda ke zuga ka, Bala ne, abokin nan naka da za ku haɗa shago. Na ji shi da kunnena a ƙofar ɗaki ran da ya zo raka ka, shina cewa mutanen birni in ba su ga babbar kyamara baƙa rataye a wuyan mutum ba, ba su kiran shi biki. Bala shi ne Kulunka. Kowa na da tashi Kulun. Ba mugu ba ne, amma ba jirgin ubanshi za a saida ba. Mutanen birni za su kalli wuyanka rana ɗaya, hoton kuwa shina jikin bango shekara ashirin, duk wanda ya shigo ɗakin sai ya tambaya wa ya ɗauka.

Akwai wata magana da ban taɓa yi da kai ba, ta yayarka, ta farin, wadda ba ka tarar ba. Har yau bakina bai iya kama sunanta, ka san al'ada, ka kuma san sunan. Tana shekara huɗu munka je kasuwar Yelwa da babanka, tun muna tsohon gari. A gindin wata bishiya akwai mai hoto, irin na da, mai akwati a kan ƙafafu uku, shi tura kai cikin baƙin ƙyalle. Babanka ya saida kifi da daraja ranar, ranshi fari. Ya ce, "Zo ki zauna a bencin nan ki riƙe ta, a ɗauke ku."

Na ce, "Ni? In riƙe 'yar fari a cinya a tsakar kasuwa, a gaban mutanen garinmu? Sai dai ka ɗauke ta kai kaɗai."

Ya ce shi ma ai ta farinshi ce, da wane ido zai kalli ƙannen ubanshi. Mai hoto ya ce to a zaunar da ita ita kaɗai. Anka ɗora ta a benci, ta ga mutum ya shige cikin baƙin ƙyalle, ta fasa kuka ta sauko ta riƙe zanena. Na ture hannunta don mutane na kallo. Babanka ya ce a bari sai wata kasuwar. Kafin damina ta fita ƙyanda ta shigo gari, ta ɗauki yara bakwai a unguwarmu, har da ita. Kabarinta yanzu shina ƙarƙashin ruwa, wajen da masu jirgin fito ke bi in za su ƙetare. Ban san daidai wurin ba, babu wanda ya sani.

Ba don ka ji tausayina nike faɗa maka ba. Kunya ce, haka anka koya muna, na yi ta yadda anka koya mani. Amma ga gaskiya, na manta fuskarta. Ina tuna tsagar da ke kumatunta, ina tuna wani ɗan kunne na jan ƙarfe, fuskar dai ta tafi. Na yi shekaru ina nemanta a fuskokin yaran mutane. Don haka in tsohuwa ta zo shagonka ta ce a ɗauke ta da jikanta, ko soja zai tafi wani gari ya kawo matarshi, ka san mi sunka zo saye. Ba labulen bayanka mai zanen bene da mota ba, ba kyamarar wuyanka ba. Fuska sunka zo saye, wadda za a duba bayan mai ita ba shi nan a ce wane ne. In fuska ba ta fita ba, ka cuce su, kuma ba za su gane girman cutar ba sai ranar da ba ta gyaruwa. Kuma in ka ga mace na jan jiki don kunyar ɗan fari, kada ka yi mata dariya, kada kuma ka ƙyale ta ta tafi. Ka sallami 'yan kallo, ka sauke labulen ƙofa, ka ba ta lokaci.

Yanzu hotunanka. Da ka fara, da kyamarar nan da ka saya hannun malamin makarantar da ya gama bautar ƙasa zai koma garinsu, hotonka ya fi na kowa a tsakanin Wara da Ngaski. Wanda ka yi wa Kawunka Ladan da hular Sallah, har zaren ɗinkin hular ana ƙirgawa. Daga baya abin ya lalace, kai ma ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ake faɗi a bayanka. A wurin banda, muna juya kifi, Kulu ta zaro hoton bikin jikarta daga ƙugu ta miƙa wa mata. Ta ce, "Ku duba mani, wacce ce amaryar a nan? Ni dai na ga mutum huɗu a cikin hayaƙi. Ko ɗanki a bandarki shike gasa hoton ne, uwar mai hoto?" Sunka yi dariya. Wata ta ce ita ɗanta Yelwa za ta tura shi wurin Baba Ilori, Bayaraben nan na bakin tasha, ko da kuɗɗin mota.

Na dawo gida ranar, ka nuna mani wasu sababbi da anka kawo maka daga wanki, ka ce, "Inna, ya kika gani?" Na ce sun yi kyau. Ƙarya na yi. Na yi maka ita ba sau ɗaya ba. Uwa da ke ce wa ɗanta aikinshi ya yi kyau alhali bai yi ba, ba sonshi take ba, kanta take tsarewa. Nan gaba in kana son gaskiyar aikinka, ka tambayi wanda ya biya, kada ka tambayi wanda ya haife ka ko wanda ke cin tuwo da kai.

Amma ni ba don lallashi kaɗai na yi ƙaryar ba. Ga abin da ya sa, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Ka tuna daminar bara waccan da ka tafi Shanga ta'aziyyar mijin gwaggonka, ka kwana huɗu? Ka ce ba a zuwa gidan mutuwa da kyamara, ka rataye jakar a ƙusar da ke bayan ƙofa. Kwana biyu da tafiyarka anka yi ruwa tun hantsi har la'asar. Ina wurin banda ina fama da itace ya jiƙe. Da na shigo ɗaki, tsagar nan ta rufi ta buɗe, ruwa na bin bango shina sauka daidai kan jakarka. Na sauke ta, na zuge, na ga ruwa ya taru a ciki. Jikin kyamarar shina cikin rigarshi ta fata, bai sha sosai ba. Gilashin ne ke ƙasa, murfinshi ya fita, shina kwance cikin ruwa.

Ba rana, ko'ina laima. Ni kuwa abin da na sani, duk abin da ya jiƙe a gidan masunci, banda ake kai shi. Kalli, igiya, tabarma, har ashana. Na murɗe gilashin yadda na ga kana yi, ya fita. Na ɗora shi a gefen ragar banda, can nesa da wuta, inda nike ɗora ƙananan kifi. Ya wuni a nan, ya kwana. Da safe ya bushe sarai, sai dai ya yi ja-ja, hayaƙi da man kifi sun kwanta mashi. Na goga da bakin zane, bai fita ba. Sai na yi mashi abin da nike yi wa gilashin fitila in ya yi baƙi. Na ɗebo toka mai laushi, na tankaɗe ta ma don kada a samu tsakuwa, na ɗiga ruwa, na murza gaba da baya da ɗan tsumma. Ya yi fes, shina ƙyalli. Har daɗi na ji, na ce yaron nan zai dawo shi tarar da kayanshi sun fi da tsabta. Na mayar, na sauya wa jakar ƙusa.

Ka dawo ka ce jakar na warin kifi. Na ce mi ne ne a gidan nan ba shi warin kifi. Ka yi dariya, maganar ta wuce.

Sai bayan sati uku, da anka kawo hotunan sunan gidan liman daga wurin wanki a Kaduna, na ga ka zauna bakin ƙofa kana jujjuya su. Ka ce masu wanki sun ɓata maka aiki. Na biyu ya zo haka, ka ce fim ɗin ne ya kwana a kanti. Ka sauya mai wanki, ka sauya fim, ka daina ɗauka da tsakar rana. Daga ƙarshe ka ce kyamarar ce ta tsufa. Ni ina zaune ina jin ka. Tun a na biyun na fara zargin tokata, amma na ce wa kaina mi na sani game da kayan Turawa, wataƙila ba ita ba ce. Kullum na ce gobe zan faɗa. In na buɗe baki sai in tuna yadda ka yi damina biyu kana noman shinkafa a fadamar mutane kafin ka mallaki abin nan, sai in rufe. Ina kallo masu kiran ka biki sunka ragu, ina kallo har ka ce garin nan ba a san darajar hoto ba, gara ka tafi Sakkwato. Tafiyarka ma, in an bi ta a hankali, daga hannuna ta fito.

Da saƙonka ya zo na ga abin ya kai ga jirgi, na ce to, tsugune ba ta ƙare ba, za a saida kare a sayi biri. Amma ban so in ɗaga maka hankali a kan zato. Shekaranjiya na bi motar kifi zuwa Yelwa, na ce wa Kawunka asibiti za ni don gwiwa. Na je shagon Baba Ilori. Na san ba ku shiri, ka ce shina yi maka kallon yaro. Ni ba ruwana, tsoho ne kamata. Na tarar da shi shina yanka hotunan maniyyata da almakashi. Ya ce, "Mama, fasfo ne? Makka za a je?"

Na ce, "Makka sai wanda Allah ya kira. Tambaya na zo yi. In mutum ya wanke gilashin kyamara da toka, mi zai faru?"

Ya aje almakashi ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Toka ta murhu?"

Na ce, "Tankaɗaɗɗiya."

Ya ce, "Wane maƙiyin Allah ya yi wannan?"

Na ce, "Ga ta a gabanka. Kafin tokar ma sai da na yi mashi banda."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ga ni ba dariya nike ba, ya jawo mani kujera. Ya ce ashe shi ya sa. Ya ce mutane na kawo mashi hotunanka su ce shi sake ɗaukarsu, shi kuma shina mamaki, don yaron ya iya tsayar da mutum, ya san inda haske ke fitowa, amma kamar da hannu mai maiƙo shike taɓa aikin. Ka ji, bai raina ka ba. Ya ɗauko wani gilashi nashi ya nuna mani a bakin ƙofa, ya karkata shi, na ga wani launi kamar shuɗi kamar ja a fuskarshi. Ya ce wanga shafi ne da masu ƙera shi ke yi, ya fi fatar albasa sirantaka, toka na cinye shi ta bar ƙananan zane da ido ba shi gani sai an ɗaga wa haske. Hayaƙin kuma ya shige ciki inda tsumma ba shi kaiwa. Ya ce ba shi gyaruwa.

Na ce to yaron na so shi sayi sabon jiki shi ɗaura wanga gilashi. Ya ce, "Mama, ko ta gwamna ya saya, hayaƙin nan zai bi shi." Ya ɗauko tashi kyamarar ya ɗora mani a cinya. Auta, duk fentin ya goge, an ɗaure wani gefe da zaren roba. Ya ce ta girmi ɗanshi na biyu. Ya ce jiki ɗaki ne mai duhu da ke riƙe fim, shi buɗe ƙofa shi rufe, shi ke nan aikinshi. In ba shi shan haske ta gefe, in ƙofar ba ta maƙalewa, babu dalilin sauya shi. Shi duk abin da ya samu a gilashi shike zubawa, guda uku gare shi.

Ni ban san kayan nan ba, abin da na ji nike faɗa maka, sai ka auna. Ya ce kada ka yarda da maganarshi ma, ka gwada. Ka sami mai hoto a nan Sakkwato mai irin kyamararka, ka roƙe shi aron gilashi na wuni ɗaya, ko a gabanshi ne. Ka ɗauki mutum ɗaya a wuri ɗaya, rabin fim da naka, rabi da nashi, ka kai wanki. In duka sun fita dishi-dishi, to jikin ma na da laifi, sai a sake shawara. In na aron sun fita sarai, ka san inda ciwon shike. Na ce wagga magana ta yi mani, don haka babanka ke gane ko kalli ne ko wuri ne, shi shimfiɗa biyu gefe da gefe.

Ya ce kuma in za ka sayi gilashi, ka fara da irin wanda ke gabanta yanzu amma lafiyayye, mai buɗe ido da yawa haske shi shiga, don ɗakunanmu ba su da taga ta kirki kuma amare a ƙuryar ɗaki suke. In kuɗɗi sun yi saura, ka ƙara da mai jawo nesa, don wurin taro ba kullum ake barin namiji shi matsa kusa da mata ba. Na hannu ma ya yi in mai kyau ne. Ka tafi Kano da kyamararka a jaka, ka ɗaura a gaban mai kanti ka ji ya zauna daram, ka cire ka ɗaga shi sama ka leƙa ta ciki, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo ko gajimare, ka aje mashi kayanshi ko da ya rantse da Alƙur'ani. Wanga na ƙarshe ni na ƙara, na san 'yan kasuwa. Kada ka tafi da Bala. Ka tafi kai kaɗai, ko da wani dattijo mai sana'ar, ka biya mashi mota.

Na tambaye shi abin da zan ba shi na shawara, ya ce in kawo mashi busasshen kifi, amma wanda ba a gasa da kyamara ba. Na ce Allah shi shirye shi.

Sauran abin da zan ce kaɗan ne. Kayan sana'arka kada ka bar su hannun wanda bai san su ba, ko uwarka ce, ko matar da za ka aura. In dole ka bari, ka buɗe baki ka ce kada a taɓa ko da wuta ta kama. Mai son ka ya fi maƙiyi saurin ɓata maka kaya, don shi ba shi jin tsoron taɓawa. Kuma in kai ka yi wa wani ɓarna, ka faɗa ranar, tun tana ƙarama. Tawa da na faɗe ta ran da ka dawo daga Shanga, da fushin kwana biyu ne da kuɗɗin gilashi ɗaya. Na rufe ta, ta ci maka suna a garinku, ta kore ka, yanzu ga ta tana neman cin jirgi.

Ban ce ka yafe mani a takarda ba. In ka ji haushi ka ji, da gaskiyarka. In ba ka son rubuto mani wata ɗaya ko biyu, ba zan mutu ba, in ma na mutu ba shi ya kashe ni ba. Amma kada haushina shi sa ka yi gardama da gaskiya ka je ka sayo jikin don ka nuna mani kai ma namiji ne. Na san jinin, nawa ne.

Jirgi kuwa na yarda. Na gaya wa Kawunka shi yi magana da mutumin Ngaski da ya daɗe shina nema, amma ba za a kwance igiya ba sai ka aiko cewa ka yi gwajin nan ka ga sakamako da idonka. Shekara uku ke nan shina ɗaure tun rasuwar babanka, ni ke zuwa kwashe mashi ruwa duk bayan kwana biyu, gwiwata ta gaji. Gara shi tafi wurin mai shiga ruwa da shi kafin shi ruɓe a banza. Sau ɗaya anka sayi jirgin nan don idon mutane. Kada a saida shi kuma don idon mutane. Ranar da za su zo ɗauka ba zan je bakin ruwa ba, na gaya wa Ladan kada shi aiko kirana, ina da kifi a wuta.

Allah shi tsare ka a hanyar Kano, zuwa da dawowa, shi raba ka da direba mai gudu da ɗan kasuwa mai zaƙin baki. Ka rarraba kuɗɗin a jikinka, kada ka sa wuri ɗaya. Allah shi sa albarka a hannunka, shi jiƙan babanka da yayarka da duk waɗanda ruwa ya rufe. Ka riƙe salla, ka ci abinci.

Ni ce,
Innarka